Algaitar Alasan Ja

A ƙauyen Dogon Gawo, kan hanyar rairayin da ta tashi daga Hawandawaki ta nufi Maijirgi, akwai wani gida da ake ce wa gidan Makenzawa. Manoma ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake, masallacinsu ɗaya da mutanen gari, sun ba da aure sun kuma karɓa. Sai dai in ka zauna cikinsu za ka ga wani gashin kansa ya yi ja kamar gemun masara, wata kuma ƙwayar idonta ta yi haske kamar ta kyanwa. Babban gidan a lokacin shi ne Namadi, dogon mutum marar yawan magana, ya doshi shekara hamsin.

Uban Namadi Bature ne. Ya shigo ƙasar tare da ayarin Larabawan Gadamas yana yi musu gyaran bindiga, zazzaɓi ya kwantar da shi a Tasawa, ayarin ya gaji da jira ya tafi ya bar shi. Sunan da ya zo da shi ya yi wa bakin mutane nauyi, suka mai da shi Alasan Ja. Da ya warke bai nemi hanyar komawa ba. Ya musulunta, ya auri ɗiyar maƙeran gari, aka yanka masa gona a Dogon Gawo. Can ya haifi Namadi da ƙanwarsa Hindu da wasu bayansu, can kuma aka binne shi.

Yakan ce ƙasarsu sunanta Sikotlan, danginsa kuwa Makenzi, ƙasa ce ta duwatsu da sanyi da yayyafi marar yankewa. Yakan ce masu ƙasar ne suka kore su tun yana ƙarami, suka sa wa bukkokinsu wuta don su zuba tumaki a wurin, shi ya sa danginsa suka watsu cikin duniya, wasu har suka ƙetare teku. Amma duk inda suka tsinci kansu, in shekara ta zagayo sai sun taru sun ci abincin gida, sun yi busa, sun ambaci kakanni. Shi ma bai taɓa barin shekara ta wuce shi ba, kuma da ya rasu 'ya'yansa suka ci gaba.

Mutanen gari suna kiran abin Wasan Tumbi. Bayan an gama kai amfanin gona rumbu, duk wanda ya fito daga tsatson Alasan Ja sai ya zo, har waɗanda aure ya kai wasu garuruwa. A yanka rago, a yayyanka hanta da huhu da zuciya, a cuɗa da kitse da albasa da ɓarzajjen gero, a ɗura cikin tumbin ragon a ɗinke bakin, a bar shi kan wuta tun safe har rana ta karkata. Maza su ɗaura wani zane mai gida-gida, baƙi da shuɗi da ratsin ja, wanda masaƙi ɗaya ne tak a Tasawa ya iya shi. Ƙarfafa su yi gasar jifa da gungumen giginya. A gicciya takubba biyu a ƙasa, wani ya yi rawa a tsakaninsu ba tare da ƙafarsa ta taɓa kaifi ba, in ya gama ya ɗauke su ya miƙa wa babban baƙon ranar. Sama da duka akwai busa. Alasan Ja da hannunsa ya haɗa abin busar, salkar akuya ce da aka soka wa bututun algaita da wasu dogayen bututu masu kwanciya a kafaɗa. In aka hura ta aka matse a hammata kukanta ba ya yankewa, ana jin sa har ƙauyukan kewaye. Liman ya sha faɗin cewa wasan nan ya yi kama da na arna, amma in aka kai masa rabonsa na tumbi ba ya mayarwa.

Namadi ne ya gaji busar. Ya kuma taso da wani abu a ransa da ba wanda ya sani sai Hindu. Tun yana yaro yake sauraron ranar da mutanen ubansa za su ɓullo daga wata hanya, su ji busar, su tsaya su tambayi wane ne wannan.

A farkon daminar shekarar da abin ya faru, gero bai wuce idon sawu ba, mutane suka fara shigowa daga yamma. Wasu da tabarma a ka, wasu ba ko takalmi. Suka ce rundunar Nasara ce ke tafe, Turawa 'yan kaɗan bisa dawaki, sojoji baƙar fata masu yawa, bayansu kuma 'yan dako da kamammun mata da garken shanu da ba a ganin ƙarshensa. Garin da ya gudu a ƙona shi, wanda ya tsaya ma sau da yawa a ƙona shi. Wata tsohuwa ta ce ta leƙa rijiyar garinsu kafin ta taho, ba ta ga ruwa ba sai ƙafafun mutane.

Maigari Bawa ya tara dattawa a zaurensa. Aka daɗe ana magana, wasu na cewa a shiga daji, wasu na cewa in an bar shuka yanzu me za a ci baɗi. Can Maigari ya juya wajen Namadi.

"Ubanka Bature ne," in ji shi, "waɗanga masu zuwa kuma Turawa ne. In ka tare su da tufan ubanka da busar ubanka, ko ba su ji maganarka ba za su gane nasu. Ban ga yadda za su ƙona garin da ɗan'uwansu yake kwance ba."

"Ranka ya daɗe, ban san harshensu ba," in ji Namadi. "Kalma guda na riƙe daga bakin Baba, ta maraba."

"Ita muke so."

A wurin akwai Na Allah, ƙanen maigarin Tudun Jaji, ƙauyen da ke gabas da su. Abokin Namadi ne tun ƙuruciya, ba ya rasa Wasan Tumbi, kuma sau da yawa shi ke lashe jifan gungume duk da ba Bamakenje ba ne. Ya ce su mutanen Tudun Jaji za su laɓe a bakin dajinsu. "In kun shirya da su, ka taho kana busa. Da mun ji ta tana matsowa mun san lafiya, sai mu fito masu da ruwa da hura." Namadi ya ce to.

Daga zauren ya wuce gidan Hindu. Ya same ta tana tankaɗe, ta riga ta ji labari.

"Yaya, ka manta abin da Baba ya faɗa mana? Ya ce Turawa iri-iri ne, kamar yadda Bagobiri daban Bakatsine daban. Kuma waɗanda sunka ƙona masu bukkoki ba baƙi ba ne, fatarsu ɗaya."

"In ban fita ba me zan ce wa gari?"

"Ka ce su biyo ni daji." Ta aje rariyar ta dube shi. "Kai ke son fita. Tun muna yara kake jiransu."

Ta ce za ta dafa tumbin, don ba wata da ta kai ta iya ɗinke shi, amma da ta sauke tukunya za ta kwashe mata da yara su yi arewa. Ya ce bai hana ta ba.

Aka aika wa dangi, waɗanda ke kusa suka zo. Ba a taɓa yin Wasan Tumbi da damina ba, kuma abin duk ya yi wani iri. Gawon da ake taruwa ƙarƙashinsa a bakin gari ya zubar da ganye kamar yadda yake yi in ruwa ya sauka, babu inuwa, mutane na tsaye cikin rana da zannuwansu masu warin adaka. Ba wanda ya taɓa gungumen giginya. Hindu ta sauke tumbin cikin babban akushi, ta rufe da faifai, ta kira matan ta wuce ba ta waiwayo ba. Ishaƙu, babban ɗan Namadi, wanda ya yi aure bara, ya raka matarsa har bakin gonaki ya dawo, don shi ke rawar takubba.

Namadi ya tsaya gaba, ya fara ambaton kakanni kamar yadda ake yi, sunayen da ubansa ya koya masa waɗanda ba wanda ya san masu su. Bai kai ƙarshe ba aka ji kukan shanu da hayaniya daga yamma. Ya hura salkar, ya matse ta, ya ɗauki taken da ake tarar baƙi da shi.

Sojoji suka fara isowa, jajayen huluna, bindiga a hannu, suka yi masu zobe. Bayansu wani Bature ya iso bisa doki. Namadi ya ƙura masa ido yana busa, yana neman kamannin ubansa. Wannan gajere ne, ramamme, gemunsa baƙi, idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsage. Ya ɗaga bulala, tafintansa, wani mai suna Bilal, ya ce a daina.

Namadi ya cire bututun daga baki. Ya matsa taku kaɗan, ya rusuna, ya faɗi kalmar ubansa. "Falca."

Baturen ya dubi tafinta, tafinta ya girgiza kai. Ba wanda ya san ta.

"Ya ce ina kunka samo wanga abu?" in ji Bilal.

Namadi ya faɗi labarin ubansa a taƙaice, ya ambaci Sikotlan. Da jin sunan fuskar Baturen ta canja. Ya yi magana da sauri, ya nuna zannuwansu da bulala.

"Ya ce ashe ku mutanen Ingilishi ne. Ya ce yaushe sunka zo nan, kuma ina tutar da sunka bar maku?"

"Wallahi ban taɓa ganin Bature ba in ba ubana ba, sai yau."

Bilal ya mayar. Sai ya rage murya ya ce wa Namadi, ba tare da ya dube shi ba, "Da ka sani da ba ka ambaci wannan ƙasa ba, baba. Waɗanga Turawa daban ne, ba sa ga maciji da mutanen Ingilishi."

Baturen ya sa aka buɗe akushin. Ya caka wa tumbin wuƙa, tururi ya tashi, ya sunsuna ya yi dariya, ya ture shi da ƙafa wajen sojoji. Da ya ga takubban a gicciye ya tambayi na mene ne, aka ce na rawa ne. Ya ce a yi ya gani.

Namadi ya ji wani ɗan sanyi a ransa. Mutumin da ya nemi ganin rawa, a ganinsa, bai zo da kisa ba. Ya ɗauki taken rawa. Ishaƙu ya shiga tsakanin takubban, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a sama, ƙafafunsa na sauka a kan yatsu. Bai taɓa yin ta da kyau kamar ranar ba. Har wasu daga cikin sojojin suka sauke bindiga suna kallo. Da ya gama ya sunkuya ya ɗauki takubban, ya nufi dokin don ya miƙa wa babban baƙo kamar yadda ya saba gani tun yana goye.

Sojan da ke kusa da linzami ya harbe shi a ƙirji.

Abin da ya biyo baya Namadi bai iya tsara shi ba ko daga baya. Ya tuna yana durƙushe, kan Ishaƙu a cinyarsa, zanen ya jiƙe. Ya tuna Maigari Bawa ya taho da gudu hannuwansa a sama yana cewa ba faɗa ba ne, aka sare shi. Dangi suka watse cikin shuka ana bin su da harbi. Aka fasa rumbuna aka kwashe abin da ya rage, sannan aka sa wuta daga gefen masallaci. Namadi kuma aka ɗaura masa igiya a wuya aka haɗa shi da wasu, aka hana shi ko rufe fuskar ɗansa.

Washegari da safe runduna ta tashi. Baturen ya tuna da busar, ya sa aka kwance Namadi daga cikin 'yan dako aka miƙa masa salkar, aka ce ya shiga gaba ya busa. Ya karɓa kamar wanda ba ya cikin jikinsa. Bai yi tunanin gaba ba bai yi na baya ba. Ya hura, yatsunsa suka kama taken da ake yi wa mamaci, wanda ya busa a bakin kabarin ubansa, yanzu kuma yana busa wa Ishaƙu da aka bari kwance a rana. Yana tafe yana busa, idonsa a kan rairayi, hawaye na shiga masa baki. Bai lura da inda hanya ta nufa ba sai da ya ɗaga kai ya ga kukokin Tudun Jaji.

Mutane ne ke fitowa daga bakin daji, maza a gaba, mata a baya da ƙoren hura da tulunan ruwa. Na Allah ne kan gaba, yana ɗaga hannu.

Namadi ya saki bututun, amma salkar cike take da iska, ta ci gaba da kuka a hammatarsa. Ya buɗe baki ya ce su gudu, muryarsa ba ta kai ko'ina ba cikin kukan. Ya jefar da ita ƙasa ya faɗa kanta, ya sa haƙori ya yaga fatar har ta yi shiru. Kafin nan sojoji sun riga sun bazu hagu da dama. Mutanen Tudun Jaji sun yi nisa da daji, ba su da inda za su koma. Rundunar na bukatar 'yan dako da mata, kuma Baturen ya ce garin da ya ɓoye hatsinsa a daji maƙiyi ne. Na Allah ya tsaya yana gardama kan ƙanwarsa da aka ja, aka rataye shi a reshen kuka.

Shi kuwa Namadi, saboda ɓata abin busar, aka shimfiɗa hannuwansa kan dutse aka farfasa yatsun da gindin bindiga, aka ɗora masa kaya a ka aka mai da shi cikin igiya. Haka ya yi ta tafiya kwana da kwanaki, ba ya iya ko riƙe ƙoƙon ruwa sai wani ya ɗura masa. Kusa da Maijirgi rikici ya tashi a cikin rundunar, sojoji suka juya wa manyansu, aka yi ta harbe-harbe a sansani da rana tsaka. Masu tsaron 'yan dako suka bar su. Wani ya kwance igiyar, kowa ya kama gabansa.

Wani Bafillace mai suna Bube ya tsince shi kwance a gindin aduwa, ƙuda sun rufe hannuwansa. Ya ɗora shi bisa takarkari ya kai shi rugarsu. Matar Bube ta riƙa wanke masa ciwon da ruwan bagaruwa tana ba shi nono, Bube ya ɗaure yatsun da kara. Biyu suka ruɓe aka yanke, sauran suka warke a karkace. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan ya iya kama hanyar gida.

Ya tarar da Dogon Gawo rabinsa toka. Waɗanda suka bi Hindu sun dawo sun kakkafa bukkokin kara, sun yi noman abin da shanun rundunar suka bari. Ya bi ta tsakiyar gari, mutanen da ya taso tare da su suna zaune bakin masallacin da ba rufi, ya yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa. Hindu ta fito ta dube shi, ta dubi hannuwansa, ta shimfiɗa masa tabarma. Ta lissafa masa waɗanda suka mutu da waɗanda aka tafi da su. Ta ce ita da liman suka binne Ishaƙu, abin da kuraye suka bari, kuma matar Ishaƙu ta koma gidansu. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya.

Da kaka ta yi, Hindu ta yanka ɗan akuya, don ba rago a garin. Ta dafa tumbin a bayan bukkarta, ta tara yaran dangi ta sa su maimaita sunayen kakanni a hankali yadda maƙwabta ba za su ji ba. Ba zane, ba rawa, ba busa. Ta aika wa Namadi nasa, ya mayar.

Bayan haka ba da daɗewa ba wata mace ta zo daga Tudun Jaji da ƙafa. Zara'u ce, matar Na Allah. Ta tsaya a ƙofar bukkar Namadi ba ta zauna ba.

"Mu muna cikin daji lafiya," in ji ta. "Ba wanda ya san inda muke. Maigidana ya ce ga busar abokina nan, ku ɗauko hura. Me ya sa ka busa?"

"An ce in busa."

"Kai kuma ka manta da mu."

"Na manta."

Ta tsaya tana kallonsa kamar tana jiran ya ƙara wani abu. Ta ce tana da yara ƙanana da gonar da ba mai noma ta, dangin mijinta maza duk an tafi da su. Ta ce ba roƙo ta zo ba, ta zo ne ya sani. Ta juya ta kama hanya.

Da bazara ta yi, Namadi ya sa wani maƙeri daga dangin uwarsa ya yi masa hauya mai madauri, yadda zai ɗaure ƙotar a hannu tunda yatsun ba sa riƙo. Ya tafi Tudun Jaji ya share gonar Na Allah, da ruwa ya sauka ya shuka ta, ya yi noman fari da maimai, kafin ya taɓa tasa. Mutanen garin ba sa yi masa magana, wasu samari sun taɓa jifansa, bai fasa zuwa ba. Ya kafa 'yar rumfa a gefen gonar, nan yake cin abin da ya zo da shi daga gida. In ya yi girbi ya ɗaure dammuna ya jera su a ƙofar gidanta ya tafi. Zara'u takan sa a shigar da su rumbu. Haka suka yi shekaru, har babban ɗanta ya isa riƙe hauya, ta aiko aka ce masa kada ya ƙara zuwa. A daminar da ta biyo baya ciwon ƙirji ya kama shi, ya rasu kafin girbi.